Matasa Takwas ga Jami'i Ɗaya: Nazarin Shirin Youth Villages a Jihar Tennessee

A Amurka, idan kotu ta gamsu cewa iyaye sun yi sakaci da ɗansu ko suna cutar da shi, tana da ikon raba shi da su ta danƙa shi ga hukumar kula da yara ta jiha, ita kuma hukumar ta nema masa gidan riƙo, ko ta ajiye shi a gidan da ake tara yara irinsa. Yawancin waɗannan yara suna komawa wurin iyayensu bayan wani lokaci, wasu dangi ne ke karɓarsu, wasu kuma wani iyali ne ke ɗaukarsu su zama 'ya'yan gidan a idon doka. Akwai kuma waɗanda babu ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ke buɗe musu har su cika shekara 18, kuma kimanin matasa 20,000 ne suke barin hannun hukuma ta wannan ƙofa a kowace shekara. Riƙon da Bahaushe ya sani ba shi da ranar ƙarewa, domin gwaggon da ta riƙe yarinya ita ce za ta yi mata kayan ɗaki, kuma gidanta za a kai goyon ciki. Riƙon hukuma kuwa yana da ranarsa a rubuce cikin fayil, kuma idan ranar ta zo, matashi yana iya wayar gari ba shi da ɗaki, ba shi da aiki, ba shi da wani babba da nauyinsa ya rataya a wuyansa.

An san abin da ke samun waɗannan matasa bayan sun fita, domin an bi sawunsu. Farfesa Mark Courtney da abokan aikinsa na cibiyar Chapin Hall, wadda a lokacin take Jami'ar Chicago, sun ɗauki matasa 732 daga jihohin Illinois da Iowa da Wisconsin tun suna shekara 17 ko 18, suka riƙa komawa suna yi musu tambayoyi har suka kai shekara 26. A wannan shekarun, waɗanda ke da aikin yi ba su kai rabi ba, kuma aƙalla kashi 31 cikin ɗari sun taɓa rasa wurin kwana. Bayanin da ya fi sauƙin fitowa daga bakin masu kallo daga nesa, har ma da wasu ma'aikatan da suka gaji, shi ne yaran ba su da himma: a yi alkawari da su su ƙi zuwa, a kira su su ƙi ɗauka, a sama musu gurbin karatu su watsar. Wannan nazari ya ɗauki shiri guda ɗaya a jihar Tennessee wanda ya ƙi amincewa da wannan bayani, ya ɗora dukkan nauyin aikinsa a kan dangantakar da ke tsakanin matashi da jami'in da ke kula da shi, sannan ya yarda aka gwada shi ta hanyar da ba ta barin kowa ya yabi kansa.

Kafin a fahimci abin da shirin ya yi, ya kamata a san abin da aka saba yi. A 1999 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta kafa asusun Chafee, wanda aka raɗa wa sunan Sanata John Chafee, aka ware dala miliyan 140 a shekara domin jihohi su shirya matasan riƙo zaman kansu. Kaso mai yawa na wannan aiki ya tafi a azuzuwa, inda ake tara matasa a koya musu tsara kasafin kuɗi, da cike takardar neman aiki, da karanta yarjejeniyar haya. Da aka gwada irin wannan shiri a gundumar Los Angeles, inda ake ba matasa darussa na awa 30 a kwalejojin unguwa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakanin waɗanda aka tura ajin da waɗanda ba a tura ba. A cikin shirye-shirye huɗu da aka gwada a zagaye ɗaya, har da wannan na Los Angeles, wanda ya nuna alamar motsi shi ne na jihar Massachusetts, inda jami'i guda yake riƙe da matasan da ba su wuce 15 ba kuma yake ganin kowannensu kusan duk mako. Matasan wannan shiri sun fi takwarorinsu shiga kwaleji da dorewa a cikinta, sun kuma fi yarda su ci gaba da zama ƙarƙashin kulawar hukuma bayan shekara 18.

Jihar Tennessee ba ta shigo wannan ƙarni da kyakkyawan suna a harkar yaran riƙo ba. A 2000 ƙungiyar Children's Rights ta maka ta a kotun tarayya a madadin yaran da ke hannunta, a shari'ar da aka sani da sunan Brian A., kuma a 2001 jihar ta amince da sulhun da ya wajabta mata gyare-gyare, ciki har da rage yawan yaran da ake ɗora wa jami'i ɗaya. A daidai wannan zamani ne Youth Villages, wata ƙungiya mai zaman kanta da aka kafa a 1986 kuma hedikwatarta ke birnin Memphis, ta fara wani shiri a 1999 da tallafin wani attajirin birnin mai suna Clarence Day. A lokacin ana kiran shirin Transitional Living, daga baya aka sauya masa suna zuwa YVLifeSet, yanzu kuma LifeSet.

Shirin ba ya ba matashi gida, ba ya biyansa alawus na wata-wata. Abin da yake ba shi mutum ne. Ana haɗa kowane matashi da jami'i guda mai digiri, wanda matasan da ke hannunsa kimanin takwas ne kacal, kuma ƙa'ida ita ce su haɗu ido da ido na kimanin awa ɗaya a kowane mako har tsawon wata tara ko fiye da haka kaɗan. Jami'in ne yake zuwa inda matashin yake, ko a ɗakin da yake kwana, ko kusa da wurin aikinsa, ko wani wuri da matashin ya zaɓa, sannan tsakanin haɗuwa da haɗuwa akwai kira da saƙon waya, kuma idan matsala ta taso da tsakar dare akwai wanda zai amsa. Matashin ne yake faɗin abin da yake son cimmawa, a rubuta shi a matsayin tsari, a riƙa sabunta shi kowane wata. Akwai ɗan kuɗi da jami'i zai iya nema domin buƙata ta gaggawa, kamar kuɗin ajiya na haya ko tufafin zuwa ganawar neman aiki, amma ba shi ne ginshiƙin shirin ba. Su ma jami'an ba a bar su su kaɗai ba, domin kowane ƙaramin rukuni yana da mai sa ido da suke zama da shi duk mako suna bitar halin kowane matashi, sama da shi kuma akwai ƙwararre a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa.

Domin a ga yadda wannan awa ɗaya take aiki, a ƙaddara wani matashi ɗan shekara 18 a wani ƙaramin gari da babu motar haya, yana kwana a kan kujerar falon abokinsa, kuma ya ce abin da yake so shi ne aiki. Mai ɗaukar ma'aikata zai nemi katin shaida, katin shaidar ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da lambar inshorar zamantakewa, takardar haihuwar kuwa ta ɓace a ɗaya daga cikin gidajen da aka yi ta mayar da shi. Ofishin da zai sake ba shi ita yana wani gari, yana buƙatar kuɗi da adireshin da za a aika masa, shi kuma ba shi da adireshin da zai kira nasa. Wanda ya ga wannan matashi bayan wata biyu bai nemi aiki ko ɗaya ba zai rubuta a fayil cewa ba ya ba da haɗin kai. Jami'in da ke da mutum takwas yana da lokacin da zai zauna da shi su warware zaren daga bakinsa: wannan makon su cike takardar neman shaidar haihuwa tare, matashin yana rubutawa jami'in yana gefe, mako na gaba ya ɗauke shi a mota su je ofishin, amma ya bar shi ya yi magana da mai karɓar takardu da bakinsa, mako na uku su gwada tambayoyin da mai ɗaukar aiki zai yi masa. Abin da ake kira rashin himma sau da yawa tarin ƙananan ƙofofi ne a rufe, kowace tana jiran a buɗe ta gabanta, ga kuma mutum da bai taɓa ganin an buɗe ko ɗaya a gabansa ba.

Akwai wani abu da ya riga takardu muhimmanci, wato ko matashin zai yarda da jami'in tun farko. Yaron da ya girma a hannun hukuma ya ga jami'ai da yawa. Kowane sabo yakan zo da fara'a, ya nemi a ba shi labarin rayuwa daga farko, har da wuraren da ke da zafi, ya yi alkawari, bayan 'yan watanni kuma a ji an sauya shi ko ya ajiye aikin. Wani bincike da aka fitar a 2005 kan gundumar Milwaukee ta jihar Wisconsin ya nuna cewa cikin yaran da jami'i ɗaya ya riƙe daga farko har ƙarshe, kashi 74.5 cikin ɗari sun samu madawwamin gida a lokacin da aka duba, waɗanda suka ratsa hannun jami'ai biyu kuwa kashi 17.5 ne, waɗanda suka ga shida ko bakwai kuma kusan babu. Dole a karanta waɗannan alƙaluma da lura, domin yaron da ya daɗe a hannun hukuma dama shi ne zai fi ganin jami'ai da yawa, don haka ba sauyin jami'i kaɗai ya jawo tazarar ba. Duk da haka, abin da sauyin yake koya wa yaro a bayyane yake. Yana koya masa cewa babban da ya ce zai dawo ba lallai ne ya dawo ba, kuma zuba ƙarfi a kan wani tsari ɓata lokaci ne tunda mai tsarin zai tafi. Idan irin wannan matashi ya ƙi ɗaga waya a makonnin farko, ba hauka yake yi ba, darasin da rayuwa ta maimaita masa yake aiki da shi. Abin da zai rushe darasin kuwa ba daɗin baki ba ne, sai dai jami'in ya zo ranar da ya ce zai zo, ya sake zuwa mako na gaba ko da an bar shi tsaye a ƙofa, kuma kada ya mai da wannan ya zama abin gori.

Masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Rochester, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe suna nuna cewa himmar da ke dorewa tana tsirowa ne inda mutum ya samu abubuwa uku: ya ji cewa zaɓin nasa ne, ya ji cewa zai iya, ya kuma ji cewa yana da alaƙa da wani da ya damu da shi. Rayuwar ɗan riƙo tana tauye dukkan ukun a lokaci guda. Alƙali da jami'i ne suke yanke inda zai kwana da makarantar da zai shiga, a wasu wurare har kwana gidan aboki ko koyon tuƙi sai da izini, sannan a ranar da ya cika shekara 18 a ce masa ya yanke wa kansa komai. Shi ya sa nake ganin cewa abin da ya fi kowane nauyi a tsarin Youth Villages shi ne barin matashi ya zaɓi burinsa. Jami'an suna amfani da wata hanyar tattaunawa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 a fagen taimakon masu shaye-shaye, ya kuma bunƙasa ta tare da Stephen Rollnick, wadda tushenta shi ne mai ba da taimako ya daina wa'azi, ya riƙa tambaya yana sauraro har mutum ya furta dalilinsa na son canji da bakinsa. Idan budurwa ta ce ba za ta koma makaranta ba, jami'ar ba za ta jero mata amfanin ilimi ba, za ta tambaye ta inda take son ganin kanta da ɗanta nan da shekara biyu, da abin da take ganin ya tsaya tsakaninta da wurin. Hujjar da mutum ya kawo da kansa ta fi wuyar watsarwa a kan wadda aka ɗora masa.

A nan akwai bambanci mai girma tsakanin jami'in wannan shiri da jami'in hukumar jiha, ko da kuwa dukansu mutanen kirki ne. Dokar tarayya ta 2008 ta ba jihohi damar ci gaba da riƙe matashi har shekara 21 da tallafin gwamnatin tarayya, bisa sharaɗin yana karatu, ko yana aiki na aƙalla awa 80 a wata, ko yana cikin wani shiri na share fagen samun aiki, ko yana da larurar lafiya da ta hana shi waɗannan. Doka ce mai amfani, amma ta sa jami'in hukuma ya zama mai taimako kuma mai bincike a lokaci guda, domin shi ne zai tabbatar an cika sharaɗin kafin tallafi ya ci gaba. Matashin da aka kora daga aiki yana da dalili mai ƙarfi na ɓoye wa mutumin da zai iya rubuta rahoton da zai raba shi da ɗakinsa. Jami'in Youth Villages ba shi da wannan sandar a hannu. Shiga shirin ganin dama ne, fita ma haka, kuma babu abin da matashi zai rasa idan ya faɗi gaskiya cewa ya yi faɗa da mai gidan aikinsa ko ya daina zuwa aji. Wannan yana nufin jami'in ba shi da abin riƙe matashi sai amfanin da matashin yake gani a zaman nasu.

Daga Oktoban 2010 zuwa Oktoban 2012, cibiyar bincike ta MDRC tare da Farfesa Courtney suka shigar da matasa 1,322 cikin gwaji a faɗin Tennessee. Shekarunsu daga 18 ne zuwa 24, mafi yawansu 'yan 18, kuma dukansu sun taɓa zama a hannun jiha lokacin ƙuruciya, wasu ta hanyar riƙo, wasu ta hanyar kotun yara masu laifi. Aka raba su ta hanyar ƙuri'a, kimanin kashi 60 cikin ɗari aka ba su damar shiga shirin, sauran aka miƙa musu takarda mai ɗauke da jerin wuraren da za su iya neman taimako a yankinsu. Amfanin ƙuri'a shi ne tana hana a ce masu ƙwazo ne suka shiga shirin tun asali, domin rukunonin biyu iri ɗaya ne a ranar farko. Sai dai ya kamata a lura cewa kafin ƙuri'ar ma'aikatan ƙungiyar sun tantance kowa, sun tabbatar yana son shirin, sun kuma ware waɗanda matsalarsu ta tashin hankali ko taɓin hankali ko shaye-shaye ta yi tsanani. Saboda haka sakamakon bai shafi matashin da ya rufe ƙofa gaba ɗaya ba, ya shafi wanda ya ɗan buɗe ta ne.

Bayan shekara ɗaya aka koma aka yi musu tambayoyi, kuma aka fitar da rahoton a 2015. 'Yan shirin sun fi takwarorinsu samun kuɗi daga aiki da kimanin dala 611 a shekarar, wato ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari. Waɗanda suka rasa wurin kwana a cikinsu kimanin kashi 21 ne, a ɗaya rukunin kuma kimanin kashi 27. Masu yawon kwana daga gidan wannan aboki zuwa na wancan sun ragu, masu kasa biyan buƙatun yau da kullum sun ragu, alamomin damuwa da baƙin ciki sun yi sauƙi, haka kuma waɗanda ke cikin soyayya ko zaman da ake duka sun ragu. A ɓangaren karatu kuwa babu bambanci, a ɓangaren shiga hannun 'yan sanda babu, a ɓangaren samun mutanen da za a jingina da su ma babu.

Wannan sakamako ba na busa ƙaho ba ne, tunda dala 611 a shekara ba ta fitar da kowa daga talauci, kuma mutum ɗaya cikin biyar da ke da jami'i mai zuwa duk mako ya kwana a waje duk da haka. Amma a fagen da gwaje-gwajen baya suka yi ta dawowa hannu rabbana, samun motsi a fannoni uku ba ƙaramin abu ba ne, kuma wuraren da motsin ya bayyana suna da kama da juna. Neman aiki, da lallashin mai gida ya ƙara mako guda, da gane cewa saurayin da ke duka ba zai daina ba, duk abubuwa ne da ake iya ɗaukar mataki a kansu cikin kwana bakwai, a dawo a ba da labari, a ji an ci gaba. Himma tana ciyar da kanta da irin wannan ƙaramar nasara, musamman idan akwai wanda zai tambaya ranar Talata ko an je wurin da aka ce za a je. Karatu ba haka yake ba. Matashin da aka sauya wa makaranta sau da yawa yana ɗauke da gibin shekaru, sakamakon wahalarsa ba zai bayyana ba sai bayan shekara biyu ko huɗu, kuma kowace awa da ya zauna a aji awa ce da bai samu kuɗin haya ba. Idan aka bar wa mai jin yunwa zaɓi tsakanin albashin ƙarshen mako da takardar shaidar da ke nesa, zai zaɓi albashin, kuma jami'in da ya yi alkawarin mutunta zaɓinsa ba zai iya juya masa baya a nan ba. A ganina rashin tasiri a karatu ba gazawar dangantaka ba ce, iyakarta ce, domin jami'i yana iya sa matashi ya so komawa aji amma ba zai iya biya masa haya na shekara huɗu ba.

Akwai kuma abin da gwajin bai raba ba. Ya auna shirin ne a dunƙule, da jami'in, da ɗan kuɗin gaggawa, da dabarun tattaunawa, da sa idon ƙwararru, bai ware dangantaka ita kaɗai ya ɗora ta a sikeli ba, kuma himma ba ta cikin fannonin da aka bayar da sakamakonsu. Abin da za a iya cewa da tabbaci shi ne, duk abin da shirin yake da shi ta hannun jami'in yake isa ga matashi, kuma bambancin da ke tsakanin rukunonin biyu a tsarin gwajin shi ne wani ya samu mutum, wani ya samu takarda.

Alƙaluman halarta su ma suna da abin faɗa. Kusan kowa ya fara, kimanin kashi biyu cikin uku sun kai wata biyar, kusan rabi ne suka kai wata tara. Wasu sun tafi ne domin sun samu abin da suka zo nema, wasu sun ƙaura, wasu kuma sun ɓace ba sallama. Ko da mutum takwas ne a hannun jami'i, ko da shi ne mai zuwa har gida, rabin matasan ba su kai ƙarshen wa'adin ba, kuma duk wanda ke tunanin kyakkyawar mu'amala tana narkar da kowace zuciya ya kamata ya tsaya a kan wannan adadi.

A 2016 aka fitar da rahoto na biyu, wanda ya bi matasan zuwa shekara ta biyu ta hanyar bayanan hukumomi maimakon tambayoyi. A nan ba a ga bambanci mai ƙarfi a matsakaicin kuɗin shiga ba, haka ma a karatu da shiga hannun hukuma. Bayanan hukumomi ba sa nuna wurin kwana ko lafiyar zuciya, don haka fannonin da shirin ya fi yin tasiri a shekarar farko ba a sake auna su ba. Amma a fannin aiki, inda aka auna sau biyu, ratar da ta buɗe lokacin da jami'in yake zuwa ta ƙanƙance bayan ya daina. Ana iya fassara wannan da cewa 'yan ɗaya rukunin sun kamo ne a hankali, ana kuma iya fassara shi da cewa wani kaso na ƙwazon da aka gani aro ne daga kasancewar jami'in. Fassarar ta biyu ita ce ta fi damuna, domin tana taɓa tsarin shirin kansa. An ɗauki matashin da babban rauninsa shi ne manya suna shigowa rayuwarsa suna fita, an ba shi babban da ya cika alkawari, sannan an sanya wa abin wa'adin wata tara. Bambancin wannan rabuwa da na baya shi ne an sanar da ita tun ranar farko kuma ana shirya mata, kuma hakan ya fi ɓacewa ba labari nesa ba kusa ba. Sai dai ɗan shekara 19 da ya gama shirin har yanzu ɗan shekara 19 ne, takwarorinsa da suka tashi a gaban iyayensu kuwa suna komawa gida cin abinci da rancen kuɗi har su haura shekara 25.

Nan ne rashin tasiri a fannin mutanen jingina yake da nauyi fiye da yadda ake ba shi. Ɗaya daga cikin manufofin shirin ita ce jami'in ya taimaki matashi ya ƙulla ko ya gyara alaƙa da wani babba da zai dore bayan an rufe fayil, kaka ko kawu ko tsohuwar uwar riƙo ko malami. Mafi yawan matasan a rukunonin biyu sun ce suna da wani babba da suke kusa da shi, wanda hakan ya rage filin da bambanci zai bayyana. Amma kusanci daban, iya ɗaukar nauyi daban, domin da yawa daga cikin matasan riƙo suna komawa ne ga dangin da aka raba su da su tun farko, waɗanda su ma talauci ko shaye-shaye ko rashin lafiya bai sake su ba. Uwar da matashi yake ƙauna kuma yake kira kullum tana iya zama ita ce mai neman rance a wurinsa ranar da ya karɓi albashi. Aikin da ya fi wuya a watannin ƙarshe shi ne jami'in ya zauna da matashi su tantance wa za a kira idan mota ta lalace, wa za a kira idan an shiga ƙunci, wa kuma ake so amma ba za a ba shi makullin ɗaki ba, sannan ya riƙa ja da baya da gangan domin matashin ya saba kiran waɗancan maimakonsa.

A 2013 gwamnatin Tennessee ƙarƙashin Gwamna Bill Haslam ta haɗa kuɗi da ƙungiyar domin a miƙa shirin ga duk matashin da ke barin riƙo a jihar, daga baya kuma Youth Villages ta fara horar da wasu ƙungiyoyi da hukumomi a wasu jihohi su gudanar da shi da ma'aikatansu. A irin wannan faɗaɗawa, abin da ya fi fuskantar barazana shi ne adadin nan na takwas, domin shi ne ya fi komai tsada a shirin, kuma shi ne mai tsara kasafi zai fara kallo idan kuɗi suka yi ƙasa. Littafin horo da takardun tsari ana iya kwafarsu kyauta. Amma jami'in da aka ɗora wa mutum 25 ba zai iya tuƙa mota zuwa wani gari domin takardar haihuwar mutum ɗaya ba, ba zai koma ƙofar da aka ƙi buɗe masa sau uku ba, kuma shi kansa ya fi kusa da ajiye aikin kafin wata taran su cika, ya bar matashin da sabuwar fuska da za ta nemi a ba ta labari daga farko. Sakamakon da MDRC ta auna na jami'i mai mutum takwas ne, mai zuwa duk mako, mai wanda yake bitar aikinsa duk mako, kuma jihar da ta ɗauki sunan shirin ta sauya waɗannan ba ta da hujjar jingina kanta da alƙaluman Tennessee.